Hoton kafin aure a Kano: sutudiyo ko waje? Abin da rakiyar amare uku ta nuna min

Ni dai ba mai hoto ba ce, in ba kamarar waya ba ban ma san inda ake dannawa ba, amma a gidanmu an mayar da ni 'yar rakiya, duk wadda aka sa wa rana ta tashi zuwa hoton kafin aure, wannan da yara ke cewa firi-wedin, Hajiya za ta ce "bi ta, kar ki bari su keɓe, kuma kar ku kai magariba". Sau uku na yi wannan aikin, ƙanwata a Disamba, 'yar yayana a Afrilu, sai wata ƙawata ta tun sakandare a Agusta. Yanzu ga autarmu ta taso ta ishe ni da tambaya wai Anti ina ya fi, sutudiyo ko waje, shi ne na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta.

Kafin a zo maganar wuri, tambayar da nake fara yi wa amarya ita ce hoton nan ina za shi? Don mutane suna mantawa. Wani hoton na kalanda ne da jota da jakar rabo, wanda zai shiga ɗakin kakarki da falon kawun ango ya yi shekara a rataye, wani na babban allon da ake kafawa a ƙofar hol ranar dina ne, wani kuma na sitatus ne kawai da Instagram, kwana biyu an wuce wurin. Ba wuri ɗaya ke ba da ukun nan da kyau ba. Na kalanda yana son fuska ta fito tas, baya ba hayaniya, a samu filin rubuta suna da kwanan wata da "Allah ya ba da zaman lafiya". Na sitatus kuwa shi ne ke son a ga wuri, a ga gini, a ga sama. In kin san wanne ya fi damunki, zaɓin ya zo da sauƙi.

Toh sutudiyo. Babban abin da kike biya a sutudiyo ba kujerar nan mai ruwan gwal ba ce, hasken kike biya da kuma sirri. Fitilun suna hannun mai hoto, ya ƙara ya rage yadda yake so, ƙarfe 12 na rana da ƙarfe 8 na dare duk ɗaya ne a wurinsa. 'Yar yayana da aka yi nata a Afrilu ai ba ma a yi shawara ba, wa zai fita da amarya da kwalliya a fuska a bazarar Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tun kafin a fito daga mota hodar ta fara tsagewa ta gefen hanci. Muka tafi sutudiyo kai tsaye daga wurin mai kwalliya, kaya kala uku a jaka, leshi da atamfa da lafaya, akwai ɗan ɗakin canji da madubi, ta canza a nutse, mai ɗaurin kallabi ta zauna ta gyara mata gwaggwaro sau biyu ba wanda ya leƙo. Wannan kaɗai ya isa dalili ga yarinya mai kunya, don ita wannan ko a gida in baƙo namiji ya yi sallama ɗaki take shigewa, da a titi ne wallahi ko murmushi ɗaya ba za a samu ba.

Amma fa sutudiyo ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma abin da kike gani a shafinsu ba shi za ki tarar ba. Wanda muka je, a hoto kamar wani falon gidan gwamna, da muka shiga ashe ɗaki ne bai fi shagon tela biyu ba, bango ɗaya ne aka yi wa ado sauran duk wayoyi ne da kwalaye. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni wuta. Muna cikin kaya na biyu aka ɗauke, janaretan nasu yana ɗaukar fitilu amma ba ya ɗaukar esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ga ɗaki a rufe ruf ba taga, ga fitilu suna ƙara zafi, cikin minti goma ango ya jiƙe sharkaf a cikin babbar riga, shadda kuwa kun san halinta da gumi, sai da ta yi taswira a baya. Ni ce da mafici da tishu ina bin amarya ina ɗan dannawa a goshi. Don haka kafin ki ba da kuɗin kama lokaci ki je da ƙafarki ko ki tura wani, a tambaya ƙarara: in ba wuta me ke ɗaukar esi, sola ce ko janareta? Awa nawa aka ba mu, kuma akwai wasu a bayanmu? Don lokacin tururuwar biki, Disamba da kuma watan Sha'aban da kowa ke son a ɗaura kafin azumi, sai ki ga amare uku a zaune a benci suna jiran layi kowacce tana satar kallon leshin 'yar'uwarta.

Sai matsalar da ba a faɗa, kamanni. Kujera ɗaya, fulawar roba ɗaya, labule ɗaya. Akwai shekarar da na tara kalanda huɗu na biki daban-daban, uku a cikinsu kan kujera ɗaya aka zauna, har tabon da ke hannun kujerar iri ɗaya ne. In za ki yi sutudiyo ni shawarata ki ce a ba ki bango lami, fari ko ruwan toka ko baƙi, a kwashe tarkacen adon nan, kayanki su ne adon. Leshi mai duwatsu da gezna mai maiƙo dama suna mayar da haske, in aka haɗa su da kujerar gwal da fulawa da labule mai ƙyalli ido ba ya sanin inda zai sauka. Kuma ki ja kunnen mai editin tun wuri, don wasu in suka zauna gaban kwamfuta sai sun mayar da ke Balarabiya, fuska fara sol wuya da hannu kuma suna nan a kalarsu. Kakarmu da aka kai mata kalandar 'yar yayana sai da ta juya ta sau biyu ta ce "wannan 'yar gidan waye?"

Yanzu waje, nan ne maganar take da tsawo, don "waje" a Kano kala-kala ne kuma kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka duk ɗaya ne. Akwai wajen da yake da katanga da mai gadi, akwai wajen da yake fili fetal kowa na da hakkin tsayawa ya kalle ki. Tsakaninsu akwai nisa sosai.

Na fara da wanda ya ba mu wuya. Mijin ƙanwata ɗan cikin gari ne, ya kafe shi sai Dutsen Dala, wai daga can ake ganin Kano gaba ɗaya, kuma gaskiyarsa ne, in ka hau ka ga birni a shimfiɗe, ga hasumiyoyin masallatai ga Goron Dutse can gefe, Dalan kuma shi ne wurin da tarihin garin ya faro tun zamanin Barbushe. Amma ango bai yi lissafin cewa shi takalmi sau-ciki zai sa ita kuma mai tsini ba. Matakalar nan ana cewa 101 ce, ni ban ƙirga ba don numfashi nake nema, ƙanwata tun a tsakiya ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ni ina riƙe da jelar riga. Muna isa sama iskar hunturu ta ce salamu alaikum, mayafi ya ƙi zama, ƙura tana shiga ido, gashin idon da aka manna na dama ya fara ɗagowa. Ga yara, ban san ta ina labari ya zaga ba, kafin mai hoto ya gama haɗa kamara sun fi ashirin, "ga amarya ga amarya", wani ƙato kuma ya ciro waya yana ɗaukar bidiyo ba ko kunya. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya min, don hoton da kuka biya kuna da iko da shi, wanda ɗan kallo ya ɗauka kuwa sai dai ki gan shi a TikTok da waƙa a kai. Kuma hazo ya rufe garin da aka hau don a gani, a hoton bayan nasu fari ne kawai kamar an shafa alli. Dala wurin zuwa ne ku biyu da 'yar rakiya da kaya marasa nauyi, a damina bayan an yi ruwa sama ta wanke, da sassafe kafin yara su fito. Da leshi da gwaggwaro a Disamba kam a'a.

Ƙofofin gari da badala su ma kusan haka ne. Ƙofar Na'isa, Ƙofar Ɗan'agundi, Sabuwar Ƙofa, suna kyau a hoto ba ƙarya, amma a bakin titi suke, a-daidaita-sahu na wucewa, masu babur na rage gudu suna tsokana, mai hoto sai ya yi ta jiran sakan biyun da ba mota. In dai ba safiyar Lahadi da wuri ba ni ban ga nutsuwar da za a samu ba. Ango shi kaɗai da babbar riga da zanna bukar, eh, zai iya tsayawa minti biyar a ɗauka a wuce.

Da muka sauko daga Dala rai a ɓace, mai hoton ne ya ce mu gwada Gidan Makama tunda ba nisa, kuma a nan aka samu hoton da har yau shi ne a falonsu. Gidan yana kusa da fadar sarki, gini ne na tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne. Abin da ya sa ya dace da hoto ba tsufansa kaɗai ba ne, katangar ƙasar nan ce, ba ta mayar da haske da ƙarfi kamar farin fenti ko tayil, tana shanye shi ta dawo da shi a tausashe, fatar mutum baƙi ko wankan tarwaɗa sai ta fito da wani ɗumi mai kyau ba sai an yi editin ba. Ga zaure da soraye, ki tsaya daga bakin ƙofa haske na shigowa ta gefe ɗaya, bayanki da ɗan duhu, kamar sutudiyon da Allah ya haɗa. Ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka ajiye. Kuma mafi muhimmanci akwai katanga, wanda zai kalle ki sai wanda ya shigo. Sai dai gidan gwamnati ne mai ƙa'ida, ba a faɗa masa da kamara da akwatin kaya haka kawai, ku je kwana biyu kafin ranar ku yi magana da ma'aikata, ku ji abin da ake biya na shiga da na ɗaukar hoto da inda aka yarda a tsaya, ku kuma kauce wa ranakun da 'yan makaranta ke zuwa ziyara da motoci, da ranar Juma'a da unguwar ke cika saboda babban masallaci.

Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa shi ma wannan layin ne, gidan da Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Zanen da ke jikin ginin da zankwayen sama sun fi fitowa a hoto in ana son a ga ginin gaba ɗaya a baya, kuma unguwar ta fi cikin gari sauƙin ajiye mota. In aka ce in zaɓa tsakaninsu, na Makama ya fi ba da hoton kusa, fuska da ƙofa da inuwa, na Ɗan Hausa ya fi ba da na nesa.

Kalar kaya a irin waɗannan gidajen ba abin wasa ba ce. Jikin jar ƙasa shuɗi yana tashi, fari yana tashi, kore mai duhu ma haka. Amma ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan goro, waɗannan sajewa suke da bango ki zama kamar an zana ki a jiki. Ƙanwata Allah ya taimake ta atamfarta ta biyu shuɗiya ce, ango kuma farar shadda. A sutudiyo ba ruwanki da wannan lissafin, bangon ake canzawa ya bi kayanki, a waje ke ce za ki bi bango.

Karofin Ƙofar Mata kuma, marinar da allonta ke cewa tun 1498, ina ganin masu hoto suna son kai mutane, ramukan rini da turamen da aka shanya masu shuɗin baba suna ba da baya mai kyau ƙwarai. Ni dai abin da zan ce wurin sana'ar mutane ne, ba wurin shaƙatawa ba, a gaida dattawan wurin a nemi izini a kuma yi musu alheri, in da hali ma a sayi ɗan yadi a yafa a hoton. Kuma ki tattare jelar rigarki, baba in ya taɓa farin leshi sai dai haƙuri.

Sai masu son kore. Ƙawata da aka yi nata a Agusta ita ciyawa da bishiya take so, ta ce ta gaji da ganin jar ƙasa tun tana yarinya. An kawo shawarar gidan zu na Audu Bako da ke titin Zoo Road saboda manyan bishiyoyi da inuwa, amma ranar Asabar ce, iyalai da yara sun cika, muka fasa. An kawo ta Tiga, dam ɗin da aka gama a 1974, ruwa da duwatsu ba a magana, amma wannan ya fita daga cikin gari, tafiya ce ta sama da awa ɗaya da amarya cikin kwalliya, ga dawowa kafin magariba, Hajiyarta ta ce ba da ita ba. Ƙarshe lambun wani otal aka kama a Nasarawa, kuma a ganina wannan shi ne tsaka-tsakin da yawancin mutane ke nema ba su sani ba: waje ne, akwai hasken Allah da ciyawa, amma akwai geti, akwai banɗaki mai kyau na canza kaya, in hadari ya taso a ruga cikin falo a ci gaba a can. Kuma ya taso ɗin, Agusta ce fa. Mun zauna kusan minti 40 muna kallon ruwa ta gilashi, da ya ɗauke ganye ya wanku sama ta yi garau, aka samu hotuna masu kyau, sai dai tsinin takalminta yana nutsewa a ciyawa har sai da aka samo wani guntun katako ta taka, a hoton ba a gani amma ni duk sanda na kalla sai na yi dariya. Illarsa kuɗi, don biyu za ki biya, na mai hoto da na wuri, wasu wuraren ma da awa suke lissafi. Manyan kantuna irin Ado Bayero Mall kuwa ni ban ga abin ɗauka ba sai allunan talla a bayanki, kuma irin wuraren nan ba a shiga da babbar kamara sai da izini.

Duk wanda za a yi a waje lokaci ne ke mulki. Daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, ko bayan la'asar daga wajen 4:30 zuwa dab da magariba. Tsakanin 11 da 3 rana tana tsakiyar ka, gwaggwaro ya yi wa fuska inuwa, ƙasan ido ya yi baƙi, farar shaddar ango ta ƙone a hoto har aikin wuyan ba a gani, kowa yana ƙanƙance ido. Matsalar ita ce na safe yana nufin mai kwalliya ta fara aiki tun asuba, kuma duk wanda ya san masu kwalliya ya san wannan addu'a ce. Na yamma kuma in an makara da rabin awa shikenan haske ya tafi, ga kiran salla ga wayar Hajiya. Hunturu yana da ɗan amfaninsa, hazon yana tausasa rana kamar an sa mata labule, fuska tana kyau, amma sama ba shuɗi, leɓe na bushewa, baƙar hula da baƙin takalmi kuwa kafin a gama sun koma ruwan toka.

Akwai kuma maganar da ta fi duk wannan, wadda in ba a warware ta ba wurin ma ba shi da amfani. Gidaje da yawa ba su yarda da hoton nan kafin ɗaurin aure ba sam, kuma suna da hujjarsu, har yanzu ba matarsa ba ce. Wasu sun yarda amma da sharaɗi, ba riƙe hannu ba jingina, da 'yar rakiya. Wasu kowa ya je nasa daban mai hoto ya haɗa a kwamfuta, kuma wannan a sutudiyo kaɗai yake yiwuwa da kyau don hasken da bangon ɗaya ne. Wasu kuma sai an ɗaura da safe a yi hoton da yamma ko washegari. Ki san a wane layi gidanku da gidan su ango suke tun kafin a kama wuri, don a waje ba ki da iko da wanda zai gan ku, abokin Baba na iya wucewa a mota labari ya riga ku isa gida. Kuma ko ina aka yi, a gaya wa mai hoto a gaban shaida kar ya ɗora a shafinsa sai an ba shi izini, aure nufin Allah ne, an sha sa rana a ɗaga ko a fasa, hoto kuma yana can yana yawo.

Autarmu dai ga yadda muka tsara nata, tunda Nuwamba ne kuma ita ba mai son taro ba ce. Leshin da za a sa a kalanda da allon hol a sutudiyo, bango ruwan toka ba fulawa ko ɗaya, na riga na je na ga solarsu da idona har na sa aka kunna esin aka kashe wutar gari. Washegari da safe atamfa shuɗiya da takalmi fulat a Gidan Makama, awa ɗaya mu fito. Angon ya fara maganar Dala na tura masa hoton ƙanwata tana riƙe da takalmi a hannu gashin ido ɗaya a karkace, har yanzu bai ba ni amsa ba.